Yadda za ka haɗa littafin hotunan gidanku da wayarka, tun masu sanin fuskokin suna raye

Bara waccan da anka zo rabon kayan kakarmu, Allah ya jiƙanta, a gidanmu na cikin gari wajen Ƙofar Rini, can ƙasan adakarta munka tarar da wata baƙar leda an ɗaure bakinta da tsumma, ko da munka kwance sai ga hotuna sun fi ɗari, wasu baƙi da fari, wasu masu kala ne amma sun koma ja-ja kamar an fesa musu ruwan goro, gara ta ci gefen wasu, wasu kuma sun manne da juna. Munka zauna mu wajen takwas ana miƙa ma juna, wannan wane ne, wagga fa? Wallahi fiye da rabi babu wanda ya sani. Wadda ta san su ita ce munka kai makwanci sati ɗaya da ya wuce.

Daga nan ne na ɗauki aikin nan a kaina, ya ci mani wata biyar saboda kurakuran da na yi ta yi, shi ya sa na ce bari in rubuta yadda ya kamata a bi. Abin da nake nufi da littafi shi ne ka ɗauki tsofaffin hotunan ka mayar da su cikin waya ko kwamfuta, ka jera su shafi-shafi, ƙarƙashin kowanne ka rubuta suna da labarin da ke tare da shi, ya zama fayil guda da za ka tura ma dangi duk inda suke, in da hali kuma a buga shi a takarda. Manhajar da za ka yi amfani da ita ita ce mafi sauƙi cikin aikin, kada ka fara da ita.

Fara da yawon gidajen dangi. Kuma kada ka je da niyyar a ba ka hoto ka tafi da shi, ba za a ba ka ba, kuma suna da gaskiya don kowane gida akwai labarin wanda ya ari hoto zai wanko ya kawo, yau shekara ashirin. Ka je da wayarka da cajinta cike ka yi aikin a gabansu ka mayar musu da abinsu a hannu. Ka tambayi abin da ya wuce albam: hoton da ke rataye a falo, fasfon da anka yi aikin hajji da shi, katin shaidar wurin aiki, katin sakamakon firamare, katin gayyatar ɗaurin aure, kalandar biki, har wasiƙun ajami da tsofaffi ke ajiyewa cikin gafaka. Mu hoto ɗaya tak na kakanmu yana saurayi jikin tsohon lasin tuƙinsa munka same shi. Dangin da ke Argungu ko Gusau ko ƙetare can Ƙonni su ma suna riƙe da wani abu, za mu zo kan yadda za su turo.

Wajen taɓa hoton, wanke hannu ka bari ya bushe, ba bayan ka gama cin ƙosai ba, ka riƙe shi ta gefe. Ƙura kuma da busasshen ƙyalle mai laushi ake kaɗe ta a hankali, ban da ruwa, ban da miyau. Waɗanda sunka manne da juna kada ka ce sai ka raba su da ƙarfi, fuskar ce ke ɓarewa ta bi bayan ɗayan, ni na yi asarar biyu haka. Wanda ya manne da gilashin firem ɗauke shi a cikin firem ɗin yadda yake. Sannan don Allah a daina kai tsohon hoto laminatin, na san ana ganin gata ne, amma zafin injin da gam ɗin ledar suna lalata shi a hankali kuma in an yi an yi kenan babu cirewa. Haka salatif. In za ka rubuta suna a baya yi da fensir mai laushi ba tare da dannawa ba, biro na hudowa ta gaba.

To ɗaukar hoton hoto da waya. Duk sirrin haske ne. Ranar Sakkwato ta tsakar rana ba ta yi, ƙyalli za ta cika maka shi da shi, ka samu inuwa mai haske kamar bakin zaure ko baranda da hantsi, ka shimfiɗa farin kwali ko baƙi marar zane a ƙasa ka ɗora hoton. Kashe filashin kyamara. Goge gilashin kyamarar da gefen riga, musamman lokacin hunturu da ƙura ke zama kan komai, da yawa abin da mutane ke cewa waya ba ta da kyau datti ne kawai. Ka riƙe wayar daidai saman hoton kamar faifai kan tukunya, in ka karkata wayar, kan mutumin zai yi girma ƙafafu su tsuke. Kada ka ja zum, matso da hannunka, ka taɓa fuskar mutumin a sikirin don ta fito tas sannan ka danna, ka yi sau biyu ko uku ka zaɓi wanda babu dishi-dishi. Ni kujera 'yar tsugunno na riƙa jingina gwiwar hannu a kai don kada hannu ya yi rawa. Akwai manhajar Google mai suna PhotoScan, kyauta ce, takan nuna maka ɗigo huɗu ka kai wayar kan kowanne sai ta haɗa su ta cire ƙyallin, tana da amfani sosai ga hoton da ke cikin gilashi ko albam mai leda.

Kuma ka juya bayan kowane hoto ka ɗauka. Nan ne hatimin situdiyo yake, wani lokaci da kwanan wata, wani lokaci da rubutun hannu na wanda ya aiko shi daga Kaduna ko Ikko.

In kana da halin zuwa shagon kwamfuta mai sikana ya fi waya kyau nesa ba kusa ba. Ka ce ma yaron shagon ya sa 300 dpi, wato ma'aunin kaifin sikanin, ga hoto mai girman kati, ƙanana irin na fasfo kuma 600 don in an faɗaɗa su kada su farfashe, kuma ya yi sikanin ɗin da kala ko da hoton baƙi da fari ne, saboda launin tsufan nan shi ma wani abu ne kuma an fi samun gyara daga baya. Ka tsaya a kansa har ya gama, ka ƙirga hotunanka kafin da bayan, ka sa ya goge su daga kwamfutarsa a gabanka tunda akwai na mata a ciki.

Masu turowa daga nesa, ga inda ake tafka asara. In an tura hoto a WhatsApp yadda aka saba, matse shi yake yi don rage cin data, a waya za ka gan shi lafiya amma ranar da ka zo bugawa sai ka ga fuska ta zama kamar kunun da bai dahu ba. Ka ce su tura ta wurin Document, ta nan yana zuwa da cikakken nauyinsa. Wanda anka sauko da shi daga Facebook ko anka yi sikirinshot shi ma haka, lalatacce ne, sai in babu wani.

Kafin su taru su rikita ka buɗe folda guda, cikinta ka raba gida-gida, ka sake ma kowane hoto suna maimakon lambobin nan da kyamara ke sawa, shekara a gaba sannan bayani, misali 1983 Hajjin Kaka 01, wanda ba ka san shekararsa ba ka sa masa lamba kawai tukuna. Wagga folda ta asali ce, ba a gyara komai a cikinta, duk abin da za ka yanke ko ka ƙara ma haske kwafi za ka yi.

Yanzu ga ainihin aikin, zama da manya. Ni Goggo ce ta cece ni, ƙanwar babanmu, ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. Ranar farko na yi wauta, na je da tsakar rana da waya a hannu ina ta jero tambayoyi kamar ɗan jarida, ta dube ni tac ce, "Kai ɗan nan mi kaka yi da hotunan matattu?" Ban samu komai ba ranar. Na biyu na je bayan la'asar da goro da 'yar fura, na zauna ƙasa munka gaisa sosai, na tambayi ƙafa, sannan na ce Goggo so nake jikokinki su san Inna da Baba ko da a takarda ne, ki taimaka mani. Na roƙi izini in kunna rikoda, ta yarda, na aje wayar gefe har ta manta da ita. Ka yi rikodin, kada ka dogara da ƙwaƙwalwarka ko rubutu, hira ta fi hannu sauri, kuma muryar kanta wata rana ta fi hoton daraja. Sikirin waya ya yi ma idon tsoho ƙanƙanta, in da laftof ka je da ita, in babu ka ba su ainihin hoton a hannu, ɗaya bayan ɗaya, kana faɗin lambarsa da ƙarfi don ta shiga rikodin. Hoto goma zuwa sha biyar ya isa zama ɗaya.

Kada ka ce wace shekara ce, ba haka suke lissafi ba. Ka ce lokacin wa ke sarauta, an haifi wane ko ba a haife shi ba, da wane kuɗi anka biya sadakin. Kai ne za ka mayar da amsar lamba daga baya. In an ce zamanin Sarkin Musulmi Abubakar na uku, tsakanin 1938 ne da 1988, faɗin ya yi yawa sai ka ƙara tambaya. In da fam da sule anka biya to kafin 1973 ne da naira ta shigo. In motar da ke bayansu tana tafiya ta hannun hagu kafin canjin hannu ne na 1972. In takarda ta ce Jihar Arewa maso Yamma tsakanin 1967 ne da 1976 da anka yi jihar Sakkwato. Mulkin Shagari 1979 zuwa ƙarshen 1983, canjin kuɗi na zamanin soja 1984, sarautar Sarkin Musulmi Dasuƙi 1988 zuwa 1996, Macciɗo daga nan har 2006, cire jihar Kabi 1991, Zamfara 1996. Da irin wannan Goggo ta ce mani auren Bappa anka yi "shekarar da anka canza kuɗi, damana ba ta faɗi ba", na rubuta wajen 1984. Ka sa kalmar wajen ɗin, kada ka ƙirƙiro rana da wata don shafi ya yi kyau.

Sai matsalar alkunya, wadda babu manhajar da ta san da ita. Tsohuwa ba za ta faɗi sunan ɗanta na fari ba, ba za ta faɗi na mijinta ba ko da ya shekara talatin da rasuwa, "mai gidan nan" ko "wancan yaron" kawai za ka ji, in sunan wani ya zo ɗaya da na surukinta shi ma ta kauce masa. Kada ka matsa. Ka je da wata 'yar uwa ko ka tambayi wani daga baya ya cike maka. Sannan kusan kowa a hotunan nan suna biyu gare shi, na yanka da wanda anka san shi da shi, ka rubuta duka biyun, don mu mun yi sati muna neman wani mutum biyu ashe mutum ɗaya ne. In Goggo ta ce a Wurno anka ɗauka Kawu ya ce a'a Gwadabawa ne, rubuta duka ka sa wanda ya faɗi kowanne, ba kai za ka raba gardamar ba. In kuma an zo kan wani hoto ka ga an yi shiru an kawar da kai, to wuce na gaba, akwai auren da ya mutu, akwai yaron da bai yi kwana ba, ba komai ne na littafi ba.

Bayan nan ne za ka zo kan haɗawa. Canva tana aiki a waya kuma ɓangarenta na kyauta ya isa, Google Slides ma haka, in kwamfuta gare ka PowerPoint ko Word sun wadatar kuma ba su cin data, ni da PowerPoint na yi nawa don shafi-shafi yake tafiya kuma hoto na zama inda ka aje shi. Tun farko ka saita girman shafin, A4 a kwance ya fi sauƙi ga masu firintin na nan garin. Kada ka ce duk hotunan za su shiga, zaɓi arba'in zuwa sittin kan labari ɗaya, misali rayuwar Kaka daga ƙuruciya zuwa jikoki, ko tarihin gidan kansa, sauran su jira littafi na biyu. Hoto ɗaya ko biyu a shafi, ƙarƙashi sunaye daga dama zuwa hagu ko hagu zuwa dama, ka zaɓi ɗaya ka faɗa a shafin farko, sai wuri, sai lokaci, sai ɗan labarin layi uku zuwa biyar da sunan wanda ya ba da shi. Furanni da zuciyoyi da firem mai walƙiya a bar ma katin biki.

Labarin kuma ka rubuta shi yadda anka faɗe shi. In Goggo tac ce "munka tahi da ƙahwa har bakin gulbi", haka za ka sa, kada ka gyara mata zuwa Hausar jarida, jikan da ya tashi a Abuja ya ji yadda kakanninsa ke magana. Allon rubutu na Gboard yana da Hausa mai ƙ da ɗ da ɓ, sai dai ba kowane salon rubutu ke nuna su ba, wasu akwati-akwati za su fito maka da shi ko harafin ya bambanta da 'yan uwansa, gwada da kalma kamar ƙanƙara kafin ka yi nisa, Noto Sans da Andika suna ɗauke da su. Shafi ɗaya ka ware ma salsala, wa ya haifi wa, ko da hannu ka zana ka ɗauki hotonsa. In kana son muryar ta shiga, yanki minti ɗaya ko biyu na rikodin ka ɗora a Google Drive ka mayar da adireshinsa lambar QR, ɗan zanen nan mai kusurwa huɗu da ake haskawa da kyamarar waya ya buɗe adireshi, ka manna a gefen shafin, amma ka sani ranar da fayil ɗin ya gushe lambar ta mutu, don haka rubutun shi ne madogara.

Gyaran hoto, ƙara haske kaɗan da yanke gefe babu laifi. Amma manhajojin nan na AI masu cewa za su gyara tsohuwar fuska su sa mata kala, a yi hattara, ba gyara suke ba zato suke, inda hoton ya goge sai su ƙirƙiro abin da babu. Na gwada da na kakanmu ya fito fes kamar ɗan fim, na kai ma Goggo ina murna, ta daɗe tana kallo tac ce, "Wanga ba Baba na ba." Ashe tsagen fuskarsa manhajar ta ɗauka ƙarcewar takarda ce ta share. In dole sai ka yi, sa na asalin babba, gyararren ƙarami a gefe ka rubuta cewa na'ura ce ta gyara.

Kafin ka tura ma kowa koma ka nemi izini. Akwai dattijon da bai yarda da hoto ba sam saboda fahimtarsa ta addini, a girmama shi, a rubuta sunansa da labarinsa ba hoto. Akwai hoton mata na cikin gida ba mayafi da anka ɗauka ranar suna ko kamu, su da mazansu ke da ta cewa. Mu littafi iri biyu munka yi, cikakke da ke hannun mutum uku, da wanda anka tace na guruf ɗin dangi, don abin da ya shiga guruf ka ɗauka ya shiga kasuwa. Lambar fasfo da sa hannu ka rufe su. Kuma in gidan mata da yawa ne ka ƙirga shafukan kowane ɗaki kafin wani ya ƙirga maka.

In ka gama ka fitar da shi PDF, shi ne ke buɗewa a kowace waya ba tare da rubutu ya watse ba. Ka aje kwafi uku, littafin da foldar asali da muryoyin duka: ɗaya a waya ko kwamfutarka, ɗaya a filash ko memori da za ka kai wani gidan daban, ɗaya a intanet. Google na ba kowane akawun 15GB kyauta amma da Gmail da Drive da Photos duk cikinsa suke ci, kuma ƙa'idarsu ita ce akawun da ya shekara biyu ba a shiga ba suna iya goge shi, to ka riƙa leƙawa, kuma wani amintacce a gidan ya san imel ɗin da lambar sirrin. Hotunan da ke wayarka na sunan bana da Sallar bara su ma ka jefa su ciki, sun fi na adaka zama cikin haɗari, waya ɗaya ta faɗa ruwa ko a zare ta a kasuwa shikenan.

Bugawa kuma, ka ce a fara fitar maka da shafi ɗaya gwaji, don takarda kullum ta fi sikirin duhu, in ya yi duhu ka ƙara haske kafin a buga sauran. In irin ɗinkin tsakiya za a yi shafukan su zama masu rabuwa da huɗu, 40 ko 48 haka. Ainihin tsofaffin hotunan ka jera su da farar takarda tsakaninsu cikin kwali ko akwati, a ɗakin da ya fi sanyi, ba saman silin ba inda zafin Afrilu ke wuce digiri 40, ba kuma a ƙasa ba, wanda ya ga ambaliyar 2010 ya san dalili, gara ma ta ƙasa take biyowa.

Namu ya tsaya shafi 48, munka buga guda shida. Shafin ƙarshe hotuna tara ne da har yau ba a san ko su wane ne ba, na sa musu lamba na bar fili a ƙasa. Ɗaya wata mata ce tsaye da kwalla a ka a gaban wata tsohuwar Bedford, Goggo ta ce kamar ta san idon amma sunan ya ɓace mata, ta ce akwai wata ƙawar Inna a Bodinga da ƙila ta gane ta, in Allah ya kai mu bayan Sallah zan je da littafin.